An Ce Na Rame

Litinin, da hantsi

Zuwa ga 'yata Ɓera,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata ke da maigidanki da yaran kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni dai yau na tashi da dama-dama. Gwiwar hagu ta yi shiru, tari ya lafa, kunnen nan kuwa yana nan yadda kika san shi. Shi ya sa nake rubutu maimakon waya, don na gaji da "Na'am? Me kika ce?" a gaban maƙwabta.

Direbanki ya kawo kwandon abinci jiya kamar yadda ya saba, Allah ya yi miki albarka. Na zazzage shi a kan tebur: ƙwai, kaza, kifi, kabeji, man zaitun, da wani ganye irin wanda ake zuba wa zomo. Na leƙa gindin kwandon, na kife shi na girgiza. Babu burodi, babu shinkafa, babu sukari.

Na ce wa direba, "Kai, ko a hanya ka cinye?"

Ya ce, "Wallahi Baba, mu ma a gidan rabonmu da shinkafa har mun manta kamanninta. Madam ta ce guba ce."

Daga nan ya buɗe kabad ɗina ya ɗauke gwangwanin sukari da ragowar taliya, yana ta ba ni haƙuri, wai umarni ne daga sama. A gidana, ina tsaye da raina.

Ɓera, na haura tamanin. Idan na tsaya a gefe, inuwata ba ta fi ta sanda ba. Wace ƙiba ce za a rage a jikina? Tun mamanki na da rai, da bayan rasuwarta, karin kumallona bai canza ba: shayi, burodi, da kujerar bakin taga. Yanzu an bar ni da taga.

Kuma abin dariya, wai ke ce mai hana burodi. Ke da na laƙaba wa Ɓera saboda ba a taɓa aikenki sayen burodi ya iso gida da kansa ba, sai kin ɓantare shi a hanya, ki shigo da ɓurɓushi a haɓa kina rantsuwa haka mai burodi ya ba ki.

Ki maido min kayana. Ki gaishe da maigidanki da jikokina.

Mahaifinki

*

Asabar

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan jiki ya ƙara sauƙi. Ka yi haƙuri ban amsa da wuri ba, aiki ne ya sha kaina. Kuma don Allah ka daina rubuta Ɓera a bayan ambulan. Yara sun gani, yanzu ƙaramin ma haka yake kirana idan na hana shi alawa.

Ba don mugunta na cire kayan nan ba. Ranar da na kai ka gwajin jini, likita ta ce min sukarinka ya fara hawa, a yi maganin abinci tun da wuri. Bari in yi maka bayani yadda na fahimta. Burodi da shinkafa da taliya da dankali duk sitaci ne, da sun shiga ciki sukari suke komawa a cikin jini. Jiki ya yi amfani da wanda yake buƙata, sauran ya tara shi ya zama kitse. Idan aka yanke su, jiki ba shi da zaɓi sai ya koma ƙona kitsen da ya tara, sukari kuma ya sauka. Nama da ƙwai suna riƙe ciki, mutum ba ya ta jin yunwa. Ni na gwada a kaina, Baba. A satin farko kawai sikeli ya yi ƙasa har na ɗauka ya lalace. Yanzu kayan da na ajiye tun kafin haihuwar farko suna shigata. A ofis kowa sai ya ce, "Kai, kin rame!" Ba ka ji daɗin da nake ji ba.

Ka san abin da ciwon sukari ya yi wa Mama. Daga ɗan yatsan ƙafa aka fara. Ba zan sake zama a barandar asibiti ina jiran a fito a faɗa min ba.

Mun yi magana da baban yara. Ranar da matakalar benen nan ta gagare ka, ranar za ka dawo gidanmu. An share ɗakin ƙasa, an sa labule. Ba faɗa ba ne, shawara ce muka yanke.

Direba ya ce ka fara ramewa. Madalla! Alama ce tsarin ya karɓe ka. Ka daure, jiri da kasala na farkon nan za su wuce. Ka riƙa shan ruwa da yawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka

*

Talata

Ɓera,

Ɓera na ce, kuma Ɓera zan rubuta a bayan ambulan, da manyan baƙaƙe.

Na gaishe ki. Lafiyata ga ta nan dai. Bayan gida ya zama aikin ƙarfi, bakina yana wani wari kamar kwalbar magani, bacci kuma sai ya ga dama.

Na karanta takardarki har na zo inda kika ce an ce na rame, madalla. Na cire tabarau na goge na sake karantawa, ko idona ne. A zamanin da na tashi, idan aka ce wa mutum "ka rame", murya ake sassautawa, a dafa kafaɗarsa, a tambaye shi me ke damunsa. Idan aka ce "ka yi ƙiba", dariya yake yi ya ce alhamdu lillahi. Na yarda duniya ta juya, kuma na san ƙiba mai yawa ciwo ce, ban musa ba. Amma ban taɓa zaton zan rayu har 'yar cikina ta ji an ce ubanta ya rame ta yi barka ba.

Agogon hannuna yanzu gwiwar hannu yake gangarawa. Na kai wa tela na ƙasan bene wandona ya rage min ƙugu, ya ɗaga shi sama ya ce, "Malam, in na ƙara ragewa aljihun dama da na hagu za su gaisa." Ya yi dariya, ni ma na taya shi, amma da na juya na ga yana bi na da ido.

Yanzu zauna in koya miki darasi, don na koyar da ilmin jikin ɗan Adam tun kafin a haifi likitar taki. Bayaninki ba ƙarya ba ne, rabi ne. Hanta da tsoka suna ajiye ɗan sitaci don ko-ta-kwana, kuma ajiyar nan jiƙe take da ruwa kamar soso. Ranar da mutum ya daina cin sitaci, ajiyar jiki yake fara cinyewa, ruwan da ke tare da ita ya fita. Abin da sikelinki ya nuna a satin farko ke nan. Fitsari kika yi, Ɓera, kika yi ta murna. Ranar da kika ci shinkafa ruwan zai dawo, ki ce shinkafa ta sa miki ƙiba a kwana ɗaya, alhali ba ta yi komai ba.

Bayan ruwa, sai kitse, wannan gaskiya ne. Amma ba don burodi yana da aljanu ba. Don nama da ƙwai suna ƙosarwa ne, kuma wanda ya bar biskit da lemon kwalba da ciye-ciyen banza, abin da yake ci gaba ɗaya ya ragu ba tare da ya lura ba. Da za ki zauna ki riƙa cinye kaza guda da mai yana ɗiga, safe da yamma, sikeli zai tsaya cak, ko da ba ki ga ƙwayar shinkafa ba.

To wannan duk ga mai kitse ne. Ni fa? Ƙwai ɗaya nake ci in ji ya tsaya min a wuya, kazar nan haƙorana ba sa iya ta. Jikin da bai sami abinci ba kuma ba shi da kitse, tsokarsa yake ci. Kamar gidan da itacen girki ya ƙare aka fara ɓalle ƙyauren ɗaki ana turawa a murhu.

Abu ɗaya na ba ki: sukari a shayi. Na saba da rashinsa, har na fara jin ɗanɗanon ganyen. Wannan ki riƙe gwangwaninki.

Matakala kuwa lafiya lau nake hawanta. Ki cire labulen nan ki ba mai buƙata.

Ki gaida mutanen gida.

Mahaifinki

*

Lahadi

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa ta ladabi da neman albarka, ina fata wannan takarda za ta same ku cikin sauƙi. Ku gafarce ni da na tsoma baki tsakanin uba da 'yarsa. Ba da saninta na rubuto ba, na roƙi direba ya ba ku hannu da hannu.

Ranar Alhamis direba ya dawo ya ce ya same ku zaune a tsakiyar matakala, kun rungume ƙarfen riƙo, kuna cewa iska kuke sha. Ya ce sai da ya tallafe ku kuka ƙarasa. Da maman yara ta ji, ta shiga ɗaki ta yi kuka mai yawa. Da ta fito sai ta ce Juma'a mai zuwa za ta zo da mota da akwatuna ta taho da ku, ko kuna so ko ba kwa so. Na ga bai dace abin ya zo muku ba shiri ba.

Akwai kuma abin da ba za ta faɗa muku ba. Da farko tsarin nan ya yi mata amfani, ba zan ɓoye ba. Nauyi ya ragu, ciwon bayanta ya tafi. Amma ta kai inda take so tuntuni, ta ƙi tsayawa. Yanzu har wake da madara da lemo da ayaba ta sa su a layin guba. Satin da ya wuce jiri ya kwashe ta a kicin, sai da ta dafa firij. Na ce mu je asibiti, ta ce alama ce jiki yana wanke kansa. Idan na yi magana sai ta kalli tumbina, ni kuma ba ni da hujja. Ni kaina a ofis nake cin shinkafata, in goge baki sosai kafin in shigo gida.

A ganina, Baba, ba ƙiba take gudu ba. Hoton Mama yana kan madubinta, kusa da sikelin. Maganarku kaɗai take ji, ko da tana nuna ba ta ji.

Allah ya ƙara girma, ya ba da lafiya.

Surukinku

*

Laraba

Ɓera,

Gaisuwa. Yau ƙafafuna sun fi na jiya, kuma za ki ji dalili.

Labari ya iso min cewa jibi za a zo da akwatuna. Kada ki tsare kowa da tambaya, tsoho yana da kunnuwa da yawa ko da nasa biyun sun mutu. E, na zauna a matakala. Matakalar gidana ce, ina da ikon zama a kanta.

Shekaranjiya na sa rigata mai kyau na sauka. Na fara zuwa wurin mai burodi na bakin kwana, mutumin da nake ciniki da shi tun gashinsa na baƙi. Na miƙa hannu, sai ya mayar da burodin bayansa kamar na zo fashi.

"Malam, ka rufa min asiri. Madam da kanta ta tsaya a nan ta ce in na sayar maka, alhakin ranka a wuyana."

Na ce, "Ni na haife ta ko ita ta haife ni?"

Ya ce, "Kai ka haife ta, amma ita ta fi ka faɗa."

Ban ja da shi ba, don gaskiya ya faɗa. Na tari tasi na tafi asibiti ni kaɗai, na bi layi kamar kowa, na shiga wurin likitar nan taki. Ta ɗora ni a sikeli, ta duba katina, ta sake duba sikelin. Sai ta sassauta murya ta dafa kafaɗata ta ce, "Baba, ka rame. Me ya faru?" Wallahi sai da na ji ƙwalla. Ashe da sauran masu jin Hausa a duniya.

Na kwashe duka na faɗa mata, har da zomo da ganyensa. Ta riƙe baki ta ce, "Ni cewa na yi a rage. Ban ce a daina ba."

Kin ji? A rage. Kalma ce ƙarama, amma tsakaninta da "a daina" akwai tsokar cinyata guda.

Ta ce rage sitaci hanya ce mai kyau ga mai ƙiba da mai sukari, idan an bi ta da hankali, kuma ba ita kaɗai ce hanya ba. Wanda ya fi dacewa da mutum shi ne tsarin da zai iya riƙewa shekara da shekaru ba tare da ya tsani rayuwarsa ba. Ta ce ba duk sitaci ne ɗaya ba. Lemon kwalba daban, wake daban. Wake da 'ya'yan itace da burodin alkama mai dusa a hankali suke shiga jini, kuma su ne ke sa ciki ya yi aikinsa. Ta ce mai shan maganin sukari ma idan ya yanke sitaci farat ɗaya bai gaya wa likita ba, yana iya faɗuwa a titi. Ga tsoho irina kuwa, tsoka ita ce jarinsa, faɗuwa a matakala ta fi kusa da shi a kan abin da kike tsoro. Ta ce in ci shinkafa daidai cikin tafin hannu, da wake, da ƙwanki da kifinki da ganyenki, sukari kuma ya zauna a gidanki. Sannan ta ce duk wadda jiri ke kwasa a kicin ta zo ta gan ta. Ban ambaci sunan kowa ba.

Na koma wurin mai burodi na faɗa masa abin da likita ta ce. Ya ce shi ba likita ce ta yi masa kashedi ba. Sai na wuce kanti na sayi shinkafa da wake, na dafa da hannuna a tukunyar mamanki. Na ci na yi gumi.

Ɓera, na san abin da kike gani idan kin rufe ido. Ni ma ina barandar nan, kusa da ke nake zaune. Mamanki ta yi shekaru da ciwon ba a gano ba, da aka gano kuma ta riƙa ɓoye magani a ƙarƙashin katifa. Ba ni kike yi wa magani ba, ita kike yi wa, kuma ta riga ta wuce inda magani yake kaiwa. Keken ɗinkinta yana nan inda ta bar shi, da zare a allura. Ƙoƙon shayinta yana kan taga. A ɗakinki mai labule ba abin da ya san ni.

Ga sharaɗina. Jibi ki zo. Zan sauka in tarye ki a ƙofar tela, mu hau tare, ke a baya ni a gaba. Idan na zauna a hanya, ko na nemi hannunki, ki shigo da akwatunan, ba zan ce uffan ba. Idan kuwa na kai sama da ƙafata, za ki zauna a kujerar mamanki ki ci abin da na dafa, shinkafa da wake, ina kallonki, har ki ga gindin faranti.

Ban da wannan, sai dai a sauko da ni a kwance.

Ki gaida maigidanki. Mutumin kirki ne, ki bar tumbinsa ya huta.

Mahaifinki

*

Juma'a, da yamma

Ɓera,

Gaisuwa. Lafiya lau, sai gwiwa da ke ƙorafi, kuma yau tana da dalili.

Na dafa tun da hantsi, na jera faranti biyu, na sauka. Tela ya ba ni kujera a bakin shagonsa, duk motar da ta shawo kwana sai na miƙe. Da motarku ta iso, direba ne shi kaɗai. Na leƙa kujerar baya, na sa ya buɗe but ɗin motar. Babu akwati, babu takarda, sai kwando.

Na ce ya biyo ni a baya ya zama shaida, kada ya taɓa ni. Na hau. Ban zauna ba. A tsakiya numfashi ya so ya ci amanata, na tsaya da ƙafata na zage shi, na wuce. Ki tambaye shi, ya ga komai, har tafi ya yi kamar wani sakarai.

Na zazzage kwandon: ƙwai, kifi, kabeji, abincin zomo. A can ƙasa, naɗe cikin tawul, burodin alkama mai dusa, da sauran ɗuminsa. An ɓantare masa kai.

Na ce wa direba, "Kai ka ci?"

Ya ce, "Wallahi Baba, haka aka ba ni."

Na juye rabonki a kula, ga shi nan ya taho da shi. Sharaɗi sharaɗi ne, ni na cika nawa. Kada kular nan ta dawo min da nauyi.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

Na tsare direba, na bar farantinki a kan tebur da ƙofa a buɗe, ko za ki biyo baya a wata motar, har tela ya rufe shago. Ba ki zo ba.